Tantance Asali da Binciken Sinadaran 'Ya'yan Itatuwan Magani a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

'Ya'yan itatuwan dajin ƙasar Hausa abinci ne kuma magani ne, kuma da wuya a ce ga inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara. Tsamiyar da ake kunu da ita a watan azumi, ita ce ake jiƙa wa mai taurin bayan gida. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono, shi ake ba mai gudawa. Yara na tsotsar aduwa don zaƙinta, manya na neman ta don tsutsar ciki. Bagaruwar da majema ke jima da ita tun zamanin da fatun Kano ke ƙetare Sahara, ita ce ungozoma da 'yar mai ganye ke tafasawa don atuni, gyambo da ciwon dasashi. Goruba kuwa ta samu sabuwar kasuwa a birane a matsayin shayin masu hawan jini.

Wannan daɗaɗɗen amfani ya sa sassan haɗa magunguna da na kimiyyar sinadarai a jami'o'in Nijeriya da Nijar suka duƙufa kan binciken waɗannan 'ya'ya. Aikin mataki biyu ne: a san ainihin bishiyar, sannan a san abin da ke cikin ɗanta. Matsayar wannan maƙala ita ce, na biyu ba shi da wata daraja idan na farko bai tsayu ba, kuma shi kansa gwajin sinadarai na share fage ba hujja ba ce cewa abu yana warkarwa.

2.0 Tantance Asalin Bishiya

2.1 Suna da abin da ke ɓoye a bayansa

Sunayen Hausa na itatuwa taska ce, kuma masana sun daɗe da gane haka. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, sannan The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, wanda H. M. Burkill ya sabunta ya faɗaɗa daga 1985. A Nijar, ayarin E. J. Adjanohoun ya fitar da nazarin tsirran magani na ƙasar a 1980. Duk waɗannan ayyuka sun dogara da abin da manoma, maharba, makiyaya da masu magani suka faɗa. Amma sunan gida an yi shi ne don mutanen da ke ganin bishiyar kullum. Idan ya bar gindinta ya hau takarda, sai ya fara ruɗarwa.

Wani lokaci suna ɗaya yana ɗauke da nau'i biyu. Kalgo ya haɗa Piliostigma reticulatum, mai sumul ɗin ganye da kwanso, wanda ya fi yawa a busassun yankuna, da Piliostigma thonningii, mai gashi-gashi ruwan tsatsa a bayan ganye, wanda ya fi son inda ruwa ke da yawa. Wani lokaci kuma kamannin suna ne ba tare da zumunci na kusa ba. Tsamiya ita ce Tamarindus indica, tsamiyar biri kuwa Dialium guineense ce. Gwanda da gwandar daji ko dangi ba su haɗa ba: ta farko Carica papaya, ta biyu Annona senegalensis.

Akwai kuma ruɗanin da rubutu ke haifarwa. Danya ita ce Sclerocarya birrea, ɗinya kuwa Vitex doniana, kanya Diospyros mespiliformis, kaɗanya Vitellaria paradoxa. A takardun bincike da ake rubutawa da Turanci ko Faransanci, inda ake watsar da lanƙwasar baƙaƙe, wasali ɗaya ko gaɓa ɗaya ce ta rage tsakanin waɗannan itatuwa, kuma ɗalibin da ya tashi a birni bai taɓa tsinko ɗinya ba yana iya musanya su bai sani ba.

Misalin da ya fi kowanne jan hankali shi ne na magarya da kurna. Dukansu 'yan gidan Ziziphus ne, suna da jijiya uku da ke tasowa daga gindin ganye, da ƙaya bibbiyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya. Magarya ita ce Ziziphus mauritiana, bayan ganyenta yana da farin gashi mai laushi. Kurna ita ce Ziziphus spina-christi, ganyenta kusan sumul ne ciki da baya, kuma takan girma ta zama babbar bishiya a cikin gari. Magaryar kura, Ziziphus mucronata, ita ce ta uku. Bishiyar da Larabawa ke kira sidr, wadda malamai suka saba fassarawa da magarya, a ƙasashen Larabawa galibi kurna ce. Saboda haka mai binciken da ya ɗauko sakamakon wani nazari na Masar ko Sudan a kan sidr ya jingina wa magarya ya haɗa itatuwa biyu a bakin suna ɗaya.

2.2 Sunan kimiyya ma yana sauyawa

Tsarin suna mai kalma biyu, na gida da na nau'i, ya kafu ne da littafin Linnaeus na 1753, amma sunayen ba su zauna wuri ɗaya ba. Kaɗanya ta daɗe ana kiran ta Butyrospermum. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Bayan shawarar babban taron masana tsirrai na Vienna a 2005, wadda taron Melbourne na 2011 ya tabbatar, an bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica. Kuka ma an ɗauke ta daga dangin Bombacaceae an saka ta cikin Malvaceae, dangin kuɓewa da auduga da yakuwa. Wanda ya nemi bayani da sabon suna kaɗai zai rasa ayyukan shekaru masu yawa, wanda ya tsaya a tsohon suna kuma zai rasa na baya-bayan nan.

Ko a cikin nau'i ɗaya aikin bai ƙare ba. Bagaruwa tana da ƙananan rassa a Afirka ta Yamma, kuma da kwanso ake bambance su. Na reshen tomentosa yana da wuya-wuya kamar carbi, da farin gashi. Na reshen nilotica shi ma kamar carbi ne, amma sumul. Na reshen adstringens faffaɗa ne, bai tsuke sosai tsakanin ƙwayoyi ba. Takardar da ta ce bagaruwa kawai ta tsaya, ta bar mai karatu a rabin hanya.

2.3 Samfurin shaida

Maganin wannan duka abu ne mai sauƙi da arha, wato samfurin shaida. Mai bincike yakan je gindin bishiyar da kansa, tare da wanda ya san ta, ya yanko reshe mai ganye da fure da ɗa, ya danne shi tsakanin jaridu har ya bushe. Yakan rubuta wuri da lambobin taswira, da rana, da tsayin bishiya, kamannin ɓawo, launin fure, irin ƙasar da ta tsiro a kai, sunan da mutanen wurin ke kiran ta da abin da suke yi da ita. Daga nan masani ya gwada samfurin da mabuɗan littattafai irin su Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel ko Trees of Nigeria na R. W. J. Keay na 1989, ya kwatanta shi da tsofaffin samfura, a ba shi lamba a ajiye a taskar busassun tsirrai. Babbar taska a Nijeriya ita ce ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, taskar da aka kafa a 1942. Akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta cibiyar NIPRD a Abuja.

Itatuwan sarari suna da wata wahala ta musamman: fure da ɗa ba sa cika haɗuwa a lokaci ɗaya. Ɗorawa takan fitar da tutu a tsakiyar rani, kwansonta ya nuna gab da damina. Gawo yakan zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke kore shar. Dole ne a yi wa bishiyar alama a koma mata sau biyu ko uku.

Abin da ya zama ruwan dare shi ne a sayo 'ya'yan a Kasuwar Kurmi ko Dawanau, a kai wa ma'aikacin taska ya duba ya ce aduwa ce, a rubuta lambar wani tsohon samfur da wani ya ajiye shekarun baya. Wannan ba shaida ba ce, domin lambar ba ta abin da aka gwada ba ce. Kayan kasuwa ba a san bishiya nawa aka tara a buhu ɗaya ba, ba a san yaushe aka tsinko su ba, ba a san tsawon zamansu a rumbu ba. Idan kuwa gari ne, an riga an rasa duk wata alama ta ido. A nan ne gwajin ƙwayoyin gado ke taimakawa, inda tun 2009 aka amince da sassa biyu, rbcL da matK, a matsayin ma'aunin tantance tsirrai, sai dai tsadarsa ta sa bai wadata a ɗakunan gwaji na yankin ba. Haɗarin ba na takarda kaɗai ba ne. A Senegal, Detarium senegalense, 'yar uwar taura, tana da itatuwa masu 'ya'yan ci da masu 'ya'yan guba, kuma da ido da wuya a raba su.

3.0 Shirya Samfur da Tatsa

Ɗan itace ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɓawo, akwai tsoka ko gari, akwai ƙwallo, akwai ƙwayar da ke cikinsa, kuma kowanne da nasa sinadaran. Tsokar tsada ana shan ta, ƙwayar cikinta kuwa tana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Garin ɗorawa sukari ne galibi, kalwa furotin da mai, kwanson kuma da shi ake makuba. Wanda ya niƙe su gaba ɗaya bai san wanne ya ba shi sakamako ba. Shanya a inuwa ake yi, domin rana da zafi suna lalata bitamin C da mayuka masu ƙamshi irin na kimba. Matakin nuna shi ma abin rubutawa ne: ɗanyar kanya ɓauri ne da ita har ta kama harshe, idan ta nuna sai ya ragu ƙwarai.

Tatsa ana yin ta ko dai da jiƙo na kwana biyu zuwa uku, ko da na'urar Soxhlet mai zafi. An saba farawa da hekzen don cire mai, a bi da itil asitet, sannan metanol ko itanol, a ƙare da ruwa. A nan akwai giɓin da ba a cika kula da shi ba. Mai magani ba ya amfani da metanol. Ruwa yake sa wa, ya jiƙa ko ya tafasa, sau da yawa ya jefa jar kanwa, ko ya ce a sha a kunu, a nono ko da zuma. Kanwa tana kashe tsami tana sauya irin sinadaran da ke narkewa, furotin ɗin nono kuma yana kama tanin. Binciken da ke son gwada da'awar mai magani sai ya haɗa da tsimin da aka yi daidai yadda mai maganin ke yi, ya kwatanta shi da na ɗakin gwaji.

4.0 Gwajin Sinadarai na Share Fage

4.1 Gwaje-gwajen launi da kumfa

Harshen Bahaushe ya riga ɗakin gwaji rarraba waɗannan 'ya'ya. Ɓauri alamar tanin ce, tsami na asid, kumfa ta safonin, yauƙi na fektin da danginsa, ɗaci kuwa yana iya zama na alkaloyid ko na safonin. Gwaje-gwajen da littattafan Harborne, Trease da Evans, da Abayomi Sofowora suka yaɗa suna bin wannan sawu ne da ma'auni mafi kaifi.

Tanin ana gane shi da ɗigon ferik kulorayid: launin shuɗi-baƙi ko kore-baƙi yakan bayyana, gwargwadon irin tanin ɗin. Safonin ana girgiza tsimin da ruwa a ga kumfar da ta daɗe ba ta kwanta ba, a tabbatar da fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Alkaloyid yakan ba da guda-guda masu ruwan madara da ruwan Mayer, masu ruwan lemo da na Dragendorff, ja-ƙasa da na Wagner. Filabonoyid yakan koma ja ko ruwan hoda a gwajin Shinoda, inda ake haɗa ƙarfen maganiziyam da asid mai ƙarfi. Akwai gwajin Liebermann da Burchard da na Salkowski don sitiroyid da tafinoyid, na Bornträger don antirakwinon mai sa zawo, na Keller da Kiliani don sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, da takardar fikiret da ke juyawa daga rawaya zuwa ja idan akwai sayanaid.

4.2 Inda gwajin ke yaudara

Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna rukuni ne, ba sinadari guda ba, kuma 'ya'yan itace sun fi ganye da saiwa saurin ruɗa su. Ruwan Mayer yana kama furotin, don haka tsimin ƙwaya yana iya nuna alkaloyid alhali babu. Ferik kulorayid yana sauya launi da kusan kowane finol. Tsimin da launinsa ya riga ya yi duhu, kamar na ɗinya ko tsohuwar tsamiya, yana ɓoye sauyin launin da ake nema.

Babbar matsala tana wajen auna jimillar finol da ruwan Folin da Ciocalteu. Wannan ruwa ba finol kaɗai yake amsawa ba, yana amsa wa bitamin C da wasu nau'o'in sukari. Garin 'ya'yan kuka yana ɗauke da bitamin C da ya ninka na lemon zaƙi sau da dama, tsamiya da magarya kuma cike suke da sukari. Idan ba a cire rabon waɗannan ba, adadin da za a samu zai kumbura, kuma a kansa ne za a gina da'awar cewa ɗan itacen ya fi kowane ƙarfi.

Sannan jadawalin alamar tarawa da ta ɗebewa da ke cika kundayen digiri ba ya bambance komai. Kusan kowace bishiya a dajin Falgore ko Yankari za ta nuna tanin da filabonoyid da safonin. Cewa an samu filabonoyid a goruba, saboda haka tana maganin hawan jini, tsalle ne da ya ƙetare tambayoyi huɗu: wane filabonoyid, nawa ne, nawa ke shiga jini, kuma me ya yi wa mai cutar. Amsa tana farawa ne da rarraba tsimin a kan faranti mai siririn shafi, ta wuce zuwa na'urorin HPLC da GC-MS, ta kai ga ware sinadari guda a gano siffarsa.

5.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

Inda aka bi wannan hanya har ƙarshe, sakamakon ya yi armashi. Aduwa, Balanites aegyptiaca, ita ce ta fi kowacce tarihi. A 1933 R. G. Archibald ya nuna a Sudan cewa 'ya'yanta na kashe dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Daga baya aka gano safonin ɗin da ke wannan aiki, aka sa musu suna balanitin. Idan aka farfasa su sukan ba da diyosjenin da yamojenin, waɗanda masana'antu ke iya sarrafawa su zama magungunan sitiroyid, kuma Roland Hardman da Sofowora sun yi nazarin wannan a farkon shekarun 1970. Ƙwayar cikin ƙwallon kuma kusan rabinta mai ne. Safonin ɗin da ke kashe dodon koɗi yana kashe kifi, don haka zuba aduwa a tafkin da jama'a ke su ba abin wasa ba ne.

Tsamin tsamiya na tatarik asid ne, wanda yakan kai kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na tsokar, kuma shi da sukari da fektin ke sassauta ciki. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 1996, ya nuna cewa cin abinci mai tsamiya yana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini. Wannan darasi ne ga likita da mai magani baki ɗaya, domin mai shan kunun tsamiya ba ya ɗaukar kansa a matsayin wanda ya haɗa magani biyu.

Kwanson bagaruwa yana cikin mafiya yawan tanin a tsirran yankin, tare da galik asid. Tanin yana ƙanƙance furotin, kuma wannan hali ɗaya shi ke mayar da fata kirgi, ya tsayar da gudawa, ya busar da gyambo. Shi ne kuma ke sa tsimin bagaruwa ya yi kamar yana kashe kowace ƙwayar cuta a faranti, domin yana kama furotin ɗin duk abin da ya tarar. Kafin a ce an samu sabon maganin ƙwayoyin cuta, sai a cire tanin a sake gwadawa, a kuma auna mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar girma. Masana da dama ba sa ɗaukar tsimi da muhimmanci idan wannan adadi ya haura maikurogiram 100 a kowace mililita. Yawan shan tanin kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, abin dubawa ga masu jego da aka saba ba su bagaruwa bayan sun zubar da jini.

A kimba, wadda ake kawowa Arewa daga kurmi, an ware zailofik asid. A tsokar taura an ware wasu tafinoyid na rukunin kilerodan. Garin 'ya'yan kuka ya samu izinin shiga kasuwar Tarayyar Turai a matsayin sabon abinci a 2008, bayan an gabatar da bayanan abin da ke cikinsa da na amincinsa, kuma izinin na abinci ne, ba na magani ba.

6.0 Aminci da Haƙƙin Masu Ilimin

Gwajin guba a ɗakunan gwaji na Nijeriya galibi yana bin hanyar Lorke ta 1983, wadda ke auna illar sha ɗaya a ɓeraye. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa watanni yake yi yana shan goruba ko aduwa, don haka abin da ya shafe shi shi ne nazarin sha na tsawon kwana 28 ko 90, tare da duba hanta da ƙoda. Haka nan 'ya'yan da suka daɗe a buhu cikin laima suna iya yin fumfuna mai gubar afalatoksin, waɗanda aka shanya a bakin titi kuma su kwashi ƙura da dalma. Waɗannan ba sa fitowa a gwajin Mayer ko na Shinoda, sai an neme su da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin nomawa da tsinko tsirran magani a 2003, kuma hukumar NAFDAC tana neman bayanin aminci kafin ta ba maganin gargajiya lamba.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi neman izinin al'umma da raba amfani da ita idan an ci moriyar iliminta. Dattijon da ya nuna bishiyar, da tsohuwar da ta bayyana yadda ake jiƙo, suna da haƙƙin a sanar da su abin da aka gano, musamman idan illa ce.

Ya wajaba sassan jami'o'i da editocin mujallu su daina karɓar aikin da bai zo da lambar samfurin da mai binciken ya tsinko da hannunsa ba, da sunan Hausa mai cikakkiyar lanƙwasa tare da garin da aka ji shi, da sashen ɗan itacen da aka gwada, da adadin aƙalla sinadari guda da aka auna.